Ɗauri Mai Jan Zare

Lahadi, 5 ga Rajab, bayan La'asar

An ba 'yata Manar gado a asibiti yau. Hawa na uku, ɓangaren masu juna biyu, ɗaki mai taga. Likita ta ce ba tashi, ba shiga mota, sai kwanciya. Sati ashirin da tara ke nan, talatin da huɗu ake nema. Sau biyu mun bi wannan hanyar ba mu kawo nan ba. Iyakar abin da zan rubuta a kai ke nan.

Abin da na zauna rubutawa daban ne. Da safe, kafin mijinta Talal ya wuce da ita asibiti, sai da ta sa ya biyo da ita nan gidanmu, unguwar Mansur ta Makka. Yarinya za a kwantar, maimakon ta ce Ummi ki sa ni a addu'a, sai ta miƙo min leda cike da itace.

"Ummi, a tallaja za ki sa, firijin nan naki, durowar ƙasa. Kowace Lahadi ki yayyafa wa jaridar ruwa, kada ta bushe. Shi ke nan, khalas."

Na buɗe. Sanduna ne 'yan sirara, tsawon taki ɗaya, ba ganye, an naɗe su a jiƙaƙƙiyar jarida. Ɗauri bakwai, kowane da kalar zarensa. Rassan safsaf ne, bishiyar bakin ruwa da take karatu a kanta a jami'a shekara biyu ke nan. In an sallame ta za ta dasa.

Ta ɗaga mai jan zare, sanda biyar a ciki. Ta ce safsaf akwai namiji akwai mace, kuma mace ce kaɗai take yin iri. A duk kwazazzaban duwatsun Baha da ta taka, mace ɗaya ta samu. Talal ya je ya yanko mata waɗannan watan jiya, tana nuna masa ta waya. Kwana takwas bayan nan ambaliya ta tumɓuke bishiyar, mai gonar wurin ya turo hoton ramin.

"Sauran in sun mutu a sake yankowa. Wannan ba ta da wani wuri a duniya sai tallajarki."

Na ce me ya hana ta bari a jami'a? Ta ce firijinsu kowa na buɗewa, ita da ni kaɗai ta yarda. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba.

Talata, 7 ga Rajab, da hantsi

An yi ruwa jiya, gari ya yi sanyi, na kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na buɗe tagogi. Na yi ɗan wake na ci ni kaɗai har da suɗe kwano.

Taswirar Manar tana nan manne a bangon tsohon ɗakinta, yau na tsaya na kalle ta da kyau. Ta ɗiga wa duniya koren alƙalami, ɗigo ɗaya nau'in safsaf ɗaya. Can sama, ƙasashen ƙanƙara da duwatsun Sin, ɗigon ya cika har ba a ganin takarda. Ta taɓa gaya min sun haura nau'i ɗari uku, har akwai wadda ba ta kai yatsa tsawo ba, tana rarrafe a ƙasa ƙanƙara ta lulluɓe ta rabin shekara. Kana gangarowa kudu suna raguwa. Kafin ka iso wajenmu saura ɗigo ɗaya ko biyu, su ma a kan duwatsu, inda ake samun sanyi da ruwa mai gudu.

Dalili, in ji ta, irin ne ba shi da haƙuri. Kamar auduga yake, iska ta ɗauke shi, in bai faɗa kan ɗanyar laka cikin 'yan kwanaki ba ya mutu. A can laka ko'ina. A nan kuwa a yi ruwa da Azahar, kafin La'asar ka shanya wanki a wurin.

Malam ya shigo ya same ni a tsaye. Ya dubi taswirar ya ce, "Kamar mu ke nan. A Kano ba a ƙirga mu, a Sudan a ƙirga, a nan sai an shigo lungu." Ya faɗa ya fita abinsa. Shekara talatin da shida muna tare, in ya yi maganar hankali ba ya tsayawa a yaba.

Ban gaya masa zancen ledar ba. Kwanakin nan duk abin da ya shafi Manar muna kewaye shi, ni da shi, kamar an zubar da ruwa a tsakar ɗaki.

Juma'a, 10 ga Rajab, bayan Magariba

Baƙi huɗu daga Kano, 'yan Umara, dangin Malam ta wajen uwa. Maza uku da wata Hajiya Wada mai surutu kamar rediyo. Na yi musu tuwo da miyar kuka, sun ce tun da suka sauka a otal ɗinsu na unguwar Jarwal shinkafa da kaza ke bin su har a mafarki.

Malam ya ji daɗi. Duk baƙon da ya zo gidan nan ba ya fita sai da dabino da asuwaki. Ɗanyen asuwaki yake saye a bakin Harami, ya naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle ya sa a firiji don kada ya bushe, kamar yadda kowa ke yi a garin nan. Ina kicin ina wanke-wanke na ji yana cewa, "Wannan sabon kawowa ne, ku duba miƙewa!"

Na leƙa Manar da La'asar. Na ce ya jiki, ta ce lafiya lau. Ta ce ya sanduna, na ce lafiya lau.

Lahadi, 12 ga Rajab, bayan Asuba

Sati talatin. Alhamdulillahi.

Lahadi, da hantsi

Na jawo durowa zan yayyafa ruwa. Ɗauri shida. Na ƙirga sau uku, na kwashe tumatir da albasa har ƙasa. Jan zaren na gani shi kaɗai a gefe, an kwance shi a hankali an ajiye, irin kwancewar mutumin da ba ya son ɓarna.

Na fito falo da zaren a hannu. Malam yana kishingiɗe, abin yana bakinsa.

"Malam, mene ne wannan kake tauna?"

"Wallahi Kabira, an cuce ni a wannan karon. Ɗaci kamar maɗaci. Amma kin san wani abu? Haƙorin nan da ya dame ni tun Talata ya yi shiru."

Na zauna a ƙasa. Na gaya masa komai, tun daga Baha har ramin da ambaliya ta bari. Ya zare sandar daga bakinsa a hankali ya dube ta. Kai ɗaya ya zama burushi, ya cinye wajen yatsa biyu.

Ya ce nasa asuwakin ya ƙare ne bai sani ba, ya ga leda a ƙasa, ya ɗauka ni na sayo masa. Ya zaɓi waɗanda suka fi miƙewa saboda baƙi.

Na so in yi faɗa. Na buɗe baki sai na tuna wa ya ajiye sanduna a jiƙaƙƙiyar jarida a firijin mutumin Makka, bai ce masa uffan ba. Na rufe bakina.

Na karɓi tasa na naɗe na mayar firiji. Saura huɗu, suna Jarwal.

Litinin, 13 ga Rajab, bayan La'asar

Da na ga wata mace tana yin abin da na yi yau, da na yi mata dariya har in faɗi. Tsohuwa da tsoho suna bin otal hawa-hawa suna roƙon a dawo musu da kyautar asuwaki.

Na farko ya ce ya ɗanɗana ya jefar tun daren Juma'a, ya yi ta ba mu haƙuri kamar shi ya yi laifi. Na biyu ya ɗora nasa a kan mukayyif, ya bushe ƙamas, na lanƙwasa ya karye. Na uku ya ba wani ɗan Indunisiya da suka yi sahu ɗaya a Harami.

Hajiya Wada kuwa cewa ta yi, "Ni in tauna asuwakin Makka a Makka? Haba Hajiya! Na sa a akwatin tsaraba, an kai awo tun Asabar. Maigidana zan kai wa, ya san na je."

Na ce ta gaya masa in ya ji ɗaci kada ya jefar, ya soka a bakin rijiya. Ta dube ni kamar na sha rana.

Malam ya tuƙo mu har gida. Da zai kashe mota ya ce, "Yanzu saura nawa ke nan?" Na ce saura rabin naka.

Talata, 14 ga Rajab, da Azahar

Na yanke shawara ba zan bar ta a firiji ba. Ta kwana biyu a aljihun Malam, ta sha miyau, in na jira Manar mushe zan miƙa mata. Na tuna ta taɓa cewa safsaf ko a kofin ruwa ka sa zai yi saiwa. Matsalar, ban san wane kan ne ƙasa ba.

Na kira ta, na yi ta kewaye-kewaye da zancen abincin asibiti, sannan na ce, "Wai ni kam, in mutum zai sa irin sandunan nan a ruwa, ta ina ake sa wa?"

"Ki duba idanun jikinta, kamar na rake. Inda tsininsu ya nuna, nan ne sama. In aka kifa ba ta yi." Sai ta ce, "Lesh, Ummi? Me ya faru?"

"Ba komai. Sha'awa ce. Ko an hana tsohuwa ƙarin ilmi?"

Ta yi 'yar dariya, gajeriya, wadda ba ta kai ciki ba. Tun bara haka dariyarta ta koma.

Na sa gilashi na duba. Ido uku suka rage, duka suna kallon burushin. Allah ya taimake mu, Malam ta sama ya fara ci. Na wanke kwalbar zuma na zuba ruwa na tsoma gindin, taunannen kan yana sama kamar mutum bai taje gashi ba.

Yau na yi wa 'yata ƙarya, kuma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Amma likita ta ce kada ranta ya ɓaci, to wanne zan ɗauka?

Alhamis, 16 ga Rajab, da hantsi

Ba komai. Sanda a kwalba.

Asabar, 18 ga Rajab, bayan La'asar

Na kama Malam yana juye ruwan kwalbar yana zuba Zamzam. Na ce Manar ruwa kawai ta ce. Ya ce, "To shi wannan kunu ne?" Na ƙyale shi.

Shi ya gano cewa tagar matakala ce wurin da ya fi sanyi a gidan, rana ba ta taɓa ta. Ya kai kwalbar can, ya kawo kujerar roba ya ajiye. Yanzu in ya dawo daga masallaci ba ya cewa an kira daga asibiti? Sai ya ce, "Ya mutumiyar?" In ce tana nan. Ya ce madalla. Ni na san wa yake tambaya, shi ma ya san na sani.

Na soya wainar fulawa da yamma, muka ci a matakala kamar 'yan gudun hijira, ya ba ni labarin yadda babansa ya yi shekara huɗu a Sudan kafin ya tsallako. Na ji labarin nan ya fi sau ɗari. Yau ma na saurara, kuma ya yi daɗi.

Lahadi, 19 ga Rajab, bayan Asuba

Talatin da ɗaya. Na yayyafa wa ɗauri shida ruwa. Na rubuta wa ledar da Larabci, manyan baƙi: BA ASUWAKI BA NE.

Talata, 21 ga Rajab, da Azahar

Burushin ya fara baƙi. Ruwan ya yi ɗan wari, na sake. Manar ta ce in ɗauko mata hoton ɗaurin, tana kewarsu. Na ce kyamarar wayata ta lalace. Ƙarya ta biyu.

Laraba, 22 ga Rajab, bayan Magariba

Talal ya kira ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Mun je. Mun zauna a baranda har La'asar. Sun tsayar da naƙudar da ta taso mata.

Alhamis, 23 ga Rajab, da hantsi

An bar ni na shiga jiya kafin mu taho. Ga ƙarin ruwa a hannunta, leɓenta ya bushe. Na ce ya jiki. Ta ce lafiya lau. Ta ce ya sanduna. Na ce lafiya lau. Muka kalli juna, kowa ta kawar da kai.

A gidan nan ba mu sayi ko hula ba. Cikinta na farko mun sayi komai har da gado. Na biyu mun sayi kaɗan. Talal ya kwashe su ya bayar tun kafin ta dawo gida. Wannan karon ba mai cewa komai, ko a hoton ciki da aka gaya musu mace ce ko namiji, ba ta faɗa min ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ce ba zan rubuta ba, ga shi na rubuta. Da Hausa ne dai, kuma 'ya'yan nan ba sa iya karantawa.

Yau ban je matakala ba. Ina tsoron abin da zan gani.

Lahadi, 26 ga Rajab, bayan Asuba

Talatin da biyu.

Malam ya dawo daga masallaci ya tsaya a matakala ya daɗe. Can na ji, "Kabira! Kabira, zo da gilashinki." Ba ya kiran sunana sau biyu sai da dalili.

A gindin sandar, cikin ruwa, wasu fararen ƙuraje sun fito, kamar an yayyafa gero. Shida na ƙirga, shi ya ce bakwai. Ya ce ko ruɓewa ce? Na ce ban sani ba, kuma mai sanin ba ta tambayuwa.

Laraba, 29 ga Rajab, da hantsi

Saiwa ce! Biyu sun miƙe, farare tas, sirara kamar zaren ɗinki. Na yi guɗa ni kaɗai a matakala har Shatu maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya ko an sauka. Na ce a'a, itace ne. Ta ce Allah ya ba ni lafiya.

Malam yana ta tinƙaho, wai Zamzam ɗinsa ne. Na ce wanda ya cinye rabin mara lafiya ba ya karɓar ladan jinya. Ya yi dariya har da tari.

Lahadi, 3 ga Sha'aban, bayan La'asar

Talatin da uku. An cire mata ƙarin ruwa, ta ci masar da na kai mata guda huɗu.

Idon da ke ƙasan burushin ya fashe, ganye ya leƙo, ɗan tsito, kore shar. Malam ya so ya yanke baƙin kan don ta yi kyan gani. Na hana. Na ce ranar da za a yi shari'a, shaida za ta je yadda take.

Na sanar da shi ranar Lahadi mai zuwa zan faɗa mata. Ya ce to shi zai jira a mota. Na ce ko kusa.

Lahadi, 10 ga Sha'aban, bayan Magariba

Talatin da huɗu.

Na sa kwalbar a cikin kwandon abinci tsakanin fulas biyu, na riƙe a cinya har asibiti, ina yi wa Malam faɗa a kan kowane rami. Ya sa sabuwar jallabiya kamar mai zuwa neman aure.

Muka sami Manar a zaune an jingina mata filo, Talal a gefe. Likita ta zo da safe ta ce an tsallake inda ake tsoro, ko yau abin ya zo ba laifi. Amma fuskarta tana nan yadda take tun bara, kamar mai riƙe da kwano cike tana tsoron motsi.

Na ce, "Manar, na yi miki ƙarya sau biyu, kuma kullum in na ce lafiya lau ƙarya ce ta uku." Na ciro kwalbar na ɗora a kan teburin gadon. Na ɗaura wa kwalbar jan zaren a wuya tun daga gida.

Ta ga zaren. Ta ga sanda ɗaya. Na ga hannunta ya kama bargo.

"Ina huɗun?"

Na faɗa mata tiryan-tiryan: ɗaya a shara, ɗaya ta bushe, ɗaya ta tafi Indunisiya, ɗaya tana Kano a hannun mijin Hajiya Wada. Ta ɗaga kwalbar saitin taga, ta juya ta a hankali. Saiwa ta cika gindin, ganye biyar. Sai idonta ya kai sama.

"Esh hada? Me ya sami kanta?"

Malam ya gyara murya daga bakin ƙofa. "Ni ne. Kwana biyu na yi ina ci. Kuma ki rubuta a karatunki, tana maganin haƙori."

Ta dube shi, ta dubi burushin, ta sake dubansa. Sai dariya ta ƙwace mata, ta gaske, wadda na sani tun tana ƙarama, mai haɗe da shaƙuwa. Ta riƙe ciki da hannu biyu tana cewa "Abuya, haram alek," hawaye na zuba, har ma'aikaciyar jinya ta shigo da gudu. Talal ya juya bango kafaɗunsa suna rawa.

Da ta lafa ta share ido ta ce sanda ɗaya ta isa. In ta kama ƙasa, baɗi a yanki ashirin a jikinta. Amma ba za ta rayu a Makka ba, zafin bazara zai dafa ta, dole a mayar da ita dutse, bakin ruwa, kusa da mazan.

Sannan ta ɗora hannu a kan cikinta, ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "In ta yi wayo zan kai ta Baha. In nuna mata in ce, kin ga waccan? Ita ce bishiyar da kakanki ya tauna."

Tun watan Safar ba wanda ya ce "in ta" ko "in ya" a gabana.

Malam ne ya fara magana. "Au, mace ce? To a gaya wa amaryata tun yanzu, ni ba na cin tuwo da sanyi." Ya faɗa ya fita baranda, ya daɗe bai dawo ba.

A hanyar gida ya tsaya a gaban wani shago a titin Mansur, ya shiga ya fito da 'yar leda ya ajiye min a cinya kusa da kwalbar. Hula ce, ba ta fi tafin hannuna ba. Ja.

Na mayar da mutumiyar tagar matakala, na sake mata ruwa. Yau zan rubuta kalmar, tunda uwarta ta buɗe hanya. Jikata. Muna jiran jikata.